Yaron da ya fi ƙarfin gida: abin da Kilomita Biyar ke bukata

Jaririn da ke goye a bayan uwarsa ranar 5 ga Disamba 2013, lokacin da 'yan bindigar Anti-balaka suka auka wa Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yau ya zama saurayi. A unguwar Kilomita Biyar ta birnin, wadda kowa ke kira PK5, inda Hausawa da Fulani da sauran 'yan kasuwa Musulmi suka daɗe da kafuwa, irin wannan yaro ya tashi ne cikin ƙawanya. Ya ga shekarun da fita daga unguwa kan iya zama ajali. Ya ga 'yan banga masu kiran kansu masu kare unguwa suna karɓar kuɗi a hannun masu shaguna, har 'yan kasuwa suka gaji suka yi artabu da su a Disamban 2019. Ko ziyarar Paparoma Francis zuwa Babban Masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015, wadda ta sanyaya zukata, ba ta goge abin da idon yaro ya gani ba.

To yanzu ga shi ba ya kwana gida, yana haɗiyar tiramol, in an yi masa magana ya hayayyaƙo. Sai a ce ya kangare. Daga nan shawara ɗaya ce: a yi masa duka, ko a tura shi wani wuri a gyaro shi. Mun ga ƙarshen wannan hanya a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa.

Masana halayyar ɗan Adam suna da wata hanya, wato jinyar iyali gaba ɗaya. Salvador Minuchin, likita haifaffen Ajantina, ya lura da wani abu tun yana aiki da kangararrun yaran talakawa a New York wajen 1960: yaro kan natsu a makarantar horo, da ya koma gida sai ya koma ruwa. Don haka ya daina ganin yaro shi kaɗai. Sai ya tara gidan a ɗaki guda, ya sa su yi magana a gabansa, yana lura. Wa ke katse wa? Uwa na ɓoye laifin ɗa don tsoron zafin uba? Uba ya janye jiki tun da dukiyarsa ta salwanta? Yaron ne ya zama mai ciyar da gida tun yana ɗan shekara 13, har ba wanda ya isa ya tsawata masa? Wannan tambaya ta ƙarshe, a ganina, ita ce ta fi shafar PK5, domin yaron da ya taɓa shigo da kuɗin cefane daga bakin shingen 'yan banga ba zai koma ɗan aike da tsawa kawai ba.

Binciken da masaniya Theresa Betancourt ta fara a Saliyo a 2002, tana bin rayuwar yaran da aka sa yaƙi, ya nuna cewa waɗanda danginsu da unguwarsu suka karɓa hannu biyu sun fi samun natsuwa daga baya. Ita kuwa jinyar iyali ba sai da likita ba, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci ƙwarai. A Eldoret ta Kenya, shirin Tuko Pamoja ya horar da mutanen gari, har da na wuraren ibada, suna shiga gida gida suna zama da iyali.

Sai dai gidan Bahaushe na da nasa tsari. Uba ba ya sakin baki da ɗan fari, uwa ma ko sunansa ba ta kamawa. Wanda ya ce lallai su zauna su fayyace wa juna komai, zai tashi da tabarma babu kowa. Amma muna da kawu, muna da gwaggo, muna da kaka wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya ba. Su ya kamata a fara kira, liman ko malamar Islamiyya da aka horar su ja zaman. A hana gori, a bar yaron ya kai ƙarshen maganarsa, kowa ya ɗauki alkawari ƙarami guda: shi ya shigo kafin Isha'i, uba ya ajiye bulala, su buɗe shago tare da safe. In mako ya zagayo a sake zama, a fara da tambayar uban ko ya cika nasa.