Ginin gida a Abuja: Dalilin da ya sa ake tsara lambu tun kafin aza harsashi

A unguwannin da ke ta bunƙasa a gefen Abuja, irin su Lugbe da Kubwa da Kuje da Gwagwalada, sababbin gidaje sun kusa zama iri ɗaya: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, sai tsakar gida da aka shafe da siminti ko intalok daga bango zuwa bango. Mai gida kan tare cikin murna, amma da zarar zafin watan Maris ya kankama, sai ya tarar ba shi da inuwar da zai shimfiɗa tabarma, ga daɓen yana ta fesar da zafin da ya sha har tsakar dare.

Damina ma tana da nata hukuncin. Ruwan da ke sauka a Abuja daga Afrilu zuwa Oktoba ya haura milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 150 yana zubar da fiye da lita 150,000 a damina ɗaya. Idan babu ƙasar da za ta shanye shi, sai ya bi ƙarƙashin ƙofa ya fita titi, ya haɗu da na maƙwabta. Ambaliyar da ta sha addabar Lokogoma da wasu sassan Lugbe tana da dalilai da dama, ciki har da gini a kan hanyoyin ruwa, sai dai kowace tsakar gida da aka rufe ruf tana ƙara wa magudanai nauyi.

Shi ya sa ya kamata lambu ya shiga zanen gida tun ranar da ake tsara ɗakuna. Fili mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 465, kuma bayan an cire gini da wurin ajiye mota, akan samu rarar da za ta ɗauki itatuwa biyu ko uku da 'yan kunyoyi.

Aikin farko yana farawa ranar haƙa harsashi. Ƙasar saman fili, wadda ta fi duhu da taushi, ita ce mai albarka, don haka a sa leburori su tara ta gefe guda kafin a binne ta da jar ƙasa da ɓaraguzan bulo. Wanda ya yi sakaci a nan, daga baya zai sayi irinta a tifa.

Sai kuma zaɓen mazaunin kowace bishiya. Bangon yamma ne ke shan ranar la'asar, nan ya fi buƙatar inuwa. Amma mangwaro da darbejiya suna da saiwa mai tafiya nesa, wadda kan tsaga katanga ko ta kutsa ramin sokawe, saboda haka a nisanta su da gini da bututun ruwa. Kusa da ɗaki, gwanda da lemun tsami da zogale sun fi dacewa. Gwanda kan yi 'ya'ya cikin shekara guda, zogale a fara tsinkar ganyensa cikin 'yan watanni, shi kuwa mangwaro mai aure yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. Dashe ya fi kamawa idan ruwa ya zauna, wajajen Mayu ko Yuni, domin saiwa ta yi ƙarfi kafin hunturu.

Wannan tsari tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Gidan gargajiya yakan bar bishiya a tsakar gida, inda mata ke daka da hira, a bayan ɗaki kuma a shuka rama da yakuwa da kuɓewa domin miyar yau da gobe. A zamanin da kuɗin cefane da na man janareta ke cinye albashi, kunya biyu na alayyafo da inuwa a bangon yamma suna rage wa mai gida ɗawainiya ta gaske.

Ginin gida kan ɗauki shekaru a hannun mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ya dasa bishiyarsa tun ana aza harsashi, ya kuma kare ta daga awaki da tifofin yashi, yakan tare ya same ta ta riga ta yi inuwa.