Ranar da kwamfuta ta ƙi jefa ƙuri'ar adashi

A watan jiya mun leƙa ajin kwamfuta na yamma da matasanmu ke yi a nan Zango, muka tarar da wani yaro ya yi tagumi. Mahaifiyarsa ce uwar adashin mata goma sha biyu, kullum sai an yi cacar baki a kan wadda za ta fara kwasa, shi ne ya yi mata alkawari kwamfuta za ta jefa ƙuri'a ranar Juma'a. Ga Alhamis ta yi, aiki ya ƙi tashi.

Harshen da yake rubutu da shi Python ne, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Harshen yakan zo da kayan aikinsa ƙunshi-ƙunshi, kuma ƙunshin da ke hautsina sunaye shi ake kira random. Amma tafinta, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ji, ya kafe cewa babu shuffle a cikin random. Yaro ya goge Python ya sake sa shi har sau biyu, a banza.

Malamin ajin ya ce masa, "Ɗana, tambayi tafintan inda ya ɗauko ƙunshin." Aka ƙara layi ɗaya, print(random.__file__), sai ga fayil ɗin yaron da kansa ya bayyana. Ashe random.py ya raɗa masa!

Ga yadda abin yake. In aka nemi ƙunshi, tafinta yakan fara duba waɗanda aka gina a jikinsa, irin su sys; waɗannan ba mai ture su. To random ba ya cikinsu, a rumbun harshen yake ajiye, kuma kafin a kai ga rumbu sai an bi ta jakar da mai rubutu ya sa aikinsa. Nan tafinta ya ci karo da takwara ya riƙe.

A ganinmu laifin ba na yaron kaɗai ba ne, domin shekara da shekaru saƙon kuskuren ba ya faɗin dalili. Sai a 2024, da fitowar Python 3.13, ya fara ba mutum shawarar sauya sunan fayil. Na'urorin ajin tsohon zubi ke kansu.

Aka mai da sunan adashi.py. Ranar Juma'a aka jefa ƙuri'a gaban kowa, uwar adashi ta zo ta tara.