Donald Sterling: Attajirin da aka raba da kulob ɗinsa saboda kalaman wariya

A ranar 29 ga Afrilun 2014, Adam Silver, wanda bai cika wata uku ba a shugabancin NBA, hukumar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya tsaya gaban manema labarai a birnin New York ya sanar da hukuncin da aka yanke wa Donald Sterling, mai kulob ɗin Los Angeles Clippers. An haramta masa shiga harkokin gasar har ƙarshen rayuwarsa. Ba zai halarci wasa ko atisaye ba, ba zai taka ofishin kulob ɗin ba, kuma zai biya tarar dala miliyan 2.5. Silver ya ƙara da cewa zai nemi sauran masu kulob-kulob su tilasta masa sayar da Clippers.

Kwana huɗu kafin nan, shafin TMZ ya fitar da wata murya da aka naɗa, inda aka ji Sterling yana yi wa budurwarsa faɗa saboda ta saka hotonta da tsohon gwarzon ɗan wasa Magic Johnson a Instagram. Ya ce mata kada ta riƙa kawo baƙaƙen fata kallon wasannin kulob ɗinsa. Wannan kuwa a gasar da kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan wasanta baƙaƙe ne, haka ma kocin Clippers na lokacin, Doc Rivers, da tauraronta Chris Paul.

A wasan da ya biyo baya, 'yan Clippers sun zubar da rigunansu na sama a tsakiyar fili, suka motsa jiki da riguna a bai-bai don kada sunan kulob ɗin ya fito. Kamfanoni irin su CarMax da Virgin America suka janye tallansu. Shugaba Barack Obama ma, yana ziyara a Malesiya, sai da ya yi tir da kalaman.

Ba a samu mutane da yawa da suka kare abin da Sterling ya faɗa ba. Inda muhawara ta yi zafi shi ne batun dukiya. Mutum ya sayi kulob da kuɗinsa tun 1981, a kan dala miliyan 12.5, ya riƙe shi shekara 33. Ta yaya maganar da ya yi a asirce za ta raba shi da kayansa? Mark Cuban, mai kulob ɗin Dallas Mavericks a lokacin, ya la'anci kalaman, amma ya yi gargaɗin cewa idan aka fara korar masu kulob saboda abin da suka faɗa a cikin gidajensu, babu wanda ya san inda abin zai tsaya. Lauyoyi kuma sun tuna cewa dokar jihar Kalifoniya ta hana naɗar hirar sirri ba tare da yardar duk masu hirar ba.

Sai dai wannan hujja ta ɗauki kulob tamkar gida ko gona, alhali ba haka yake ba. Direban da ke lodi a tasha motarsa tasa ce, amma layin da yake bi ya ɗauki fasinja na ƙungiya ne, kuma da sharuɗɗa ya shige shi. Kulob ɗin NBA ma ba shi da wata daraja idan babu sauran 29 da zai kara da su, babu jadawali, babu kason kuɗin talabijin. Abin da Sterling ya saya gurbi ne a cikin haɗakar kasuwanci, ya kuma sa hannu a kan kundin dokokinta. Kundin ya ba kashi uku cikin huɗu na masu kulob ikon soke mallakar ɗayansu idan ya saɓa wa alƙawuran da ya ɗauka. Shi kuwa 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin Amurka ya tanada, gwamnati yake ɗaure wa hannu, bai hana abokan kasuwanci su raba gari da mutum ba.

Abin lura shi ne ba a taɓa gwada wannan doka a kansa ba. An sa ranar 3 ga Yuni don jefa ƙuri'a, amma kafin ranar matarsa Shelly ta riga kowa. Clippers na ƙarƙashin asusun amana na iyali ne, kuma bayan likitoci biyu sun ce ƙwaƙwalwar mijin ta samu tawaya, sai ta zama ita kaɗai ke da ikon sa hannu. Ta yi ciniki da tsohon shugaban kamfanin Microsoft, Steve Ballmer, a kan dala biliyan 2. Sterling ya ƙalubalanci cinikin, alƙali ya ba matar gaskiya a ƙarshen Yuli, aka kammala sayarwa ranar 12 ga Agusta. Ƙarar dala biliyan 1 da ya shigar da NBA ita ma an kore ta a 2016.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda masu kukan an taɓa dukiyar Sterling ba su cika yi ba: me ya sa sai a 2014? Da gidajen haya ya tara arzikinsa, kuma a nan ne aka daɗe ana zarginsa da wariya a aikace. A 2009 ya biya dala miliyan 2.725 don sasantawa da ma'aikatar shari'a ta Amurka, wadda ta zarge shi da ƙin ba baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da masu ƙananan yara hayar gidajensa, ko da yake bai amsa laifi ba. A shekarar ce kuma Elgin Baylor, wanda ya yi shekara 22 yana babban manajan Clippers, ya kai shi kotu kan korar da aka yi masa, amma bai yi nasara ba. Duk wannan NBA ba ta dakatar da shi ko na wasa ɗaya ba. Har ma reshen Los Angeles na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, yana shirin karrama shi a watan Mayun 2014 lokacin da muryar ta fito.

Zargin hana talakawa muhalli bai taɓa aljihun gasar ba. Murya ta 'yan mintuna kuwa ta kori masu talla, ta kuma sa 'yan wasa suka fara maganar ƙaurace wa wasanni ana tsakiyar zagayen fitar da gwani. Da wuya a raba saurin hukuncin Silver da wannan lissafi.

Hukuncin ma bai talauta shi ba. Makonni kaɗan kafin rikicin an sayar da Milwaukee Bucks a kan dala miliyan 550, farashi mafi tsada a tarihin gasar a lokacin. Clippers, wadda ta shafe yawancin shekarunta a hannun Sterling tana abin dariya, ta tafi a kusan ninki huɗu na wannan, ninki 160 na kuɗin da ya saye ta.

Shekara takwas bayan haka aka sake zuwa wurin. A Satumban 2022, bincike ya samu Robert Sarver, mai Phoenix Suns, da maimaita kalmar cin zarafin baƙaƙen fata da kuma muzguna wa ma'aikata mata. Wannan karon Silver dakatarwar shekara ɗaya ya yanke da tarar dala miliyan 10, ya ce ba shi da ikon ƙwace kulob shi kaɗai. LeBron James da Chris Paul suka fito suka ce hukuncin ya yi sauƙi, kamfanin PayPal ya ce ba zai sabunta yarjejeniyar tallansa ba muddin Sarver ya dawo. Bayan kwana takwas Sarver ya sanar da cewa zai sayar. Mat Ishbia ne ya sayi Suns haɗe da kulob ɗin mata na Phoenix Mercury, a cinikin da aka ƙiyasta darajarsu a kan dala biliyan 4.