Rumfar Lambu Ta Gwanjo: Ƙarfinta Yana Ga Harsashi

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, Hausawa suke gangarowa Agege fataucin goro da shanu, daga baya wasu suka zarce Apapa neman abinci a bakin tashar jiragen ruwa. A cikinsu akwai 'yan lambu, masu noman latas da alayyafo da albasa mai lawashi a filayen aro. Amma tumatir ya daɗe yana gagararsu, saboda yawan ruwan sama da laima suna jawo masa cuta, shi ya sa akasarin wanda ake sayarwa a kasuwar Mile 12 daga Arewa yake zuwa.

A 2016, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano, kwando ya yi tsadar da ta gigita mutanen Ikko. Wannan ya nuna amfanin rumfar lambu, watau ɗakin ƙarfe mai rufin leda da bangon raga, wanda ke kare shuka daga dukan ruwa da ƙwari. Sabuwa ta fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai dai ta gwanjo, wadda aka kwance daga wata gona. To, a nan fa gizo ke saƙar, domin ƙarafa kaɗai ake kwancewa, harsashi kuwa yana can inda aka baro shi.

Abu na farko shi ne awo. Ta gwanjo ba ta cika zuwa da takardar tsari ba, wani ƙarfen ma ya lanƙwashe wajen dako. Saboda haka sai a fara harhaɗa ƙarafan ƙasa, a auna su, kana a kafa turaku a ja igiya. Don kusurwa ta tashi daidai, magina kan auna ƙafa 3 ta wannan gefe, ƙafa 4 ta wancan, in tsakaninsu ya ba da ƙafa 5, to ta yi. Tsawo da gangare kuwa, siririn tiyo cike da ruwa ya isa ya nuna su. In harsashi ya karkace ko da inci 1 ne, ramukan noti ba za su haɗu ba, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa.

Na biyu shi ne sanin ƙasa. Agege tudu ce mai jar ƙasa, alhali kuwa Apapa kwari ce ta yashi da fadama, ruwa yana kusa da sama, ga ambaliya a watannin Yuni da Yuli. A irin wannan wuri dole ne a ɗaga harsashi da layi 1 ko 2 na bulo, a cike ciki da tsakuwa, a kuma haƙa magudana kewaye. Bugu da ƙari, iskar teku mai gishiri ce, tana gaggauta tsatsa, don haka sai a kankare gindin kowane ƙarfe a shafe shi da jan fenti tun bai shiga kankare ba.

Kwaɓin da aka saba shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 kafin a ɗora nauyi. Kada mai karatu ya ga rumfa ba nauyi ya raina wannan aiki. Rashin nauyin nan shi ne haɗarinta, gama iskar farkon damina kan shiga ƙarƙashin leda ta ɗaga ta kamar laima.

Sauran magana ita ce ta fili. Wanda ke noma a filin aro ko haya, ana iya tashinsa kowace rana, ba dabara ba ce ya malale ƙasa da siminti. Gara ya zuba ƙananan ginshiƙai a gindin kowace ƙafa, ya ɗaure ƙarafan da noti maimakon walda, ran da aka ce tashi sai ya kwance abinsa ya yi gaba.

Araha dai ba ta ado, in ji Hausawa. Wanda ya sami rangwame wajen ƙarfe, to ya mai da rarar ga siminti da tsakuwa tun hadari bai haɗu ba.