WAYAR DA TA ZO HAƊE DA KAYAN WUTA: A DUBA HAƘORANTA KAFIN A JONA

A wannan fitowa mun ɗan ajiye zancen farashi da takardun kan iyaka, za mu taɓo wani abu da ke cikin gidajenmu.

Da wuya mutum ya kai shanu Kano ko Ikko ya dawo hannu rabbana. Sai ya biya Sabon Gari ko Alaba ya sayo fanka, ko mazaunin ƙwan fitila, ko soket mai doguwar waya. Galibin kayan nan da wayarsu suke zuwa, an haɗa ta tun daga masana'anta. Mai shago ya ce maka, "Alhaji, ba sai ka kira mai gyara ba, jonawa kawai za ka yi." To, a nan gizo ke saƙa. Mu jona da dare, da asuba mu kama hanya, mu yi mako biyu ko uku. A bar mata da yara da abin da muka jona, ga harawa da dusa jibge a bayan ɗaki.

Ba ma biyan kuɗin sa sai mun buɗe bakinsa mun ga haƙora. Ita ma waya tana da nata haƙoran: launi, kauri da mahaɗa.

LAUNI

Cikin wayar lantarki, wato kuran a bakinmu na nan, akwai sili biyu ko uku. Ɗaya shi ke kawo wuta, ɗaya shi ne hanyar komawarta, na uku kuma na ƙasa ne, shi ke janye wuta in ta taɓa jikin ƙarfe don kada ta bi ta jikin mutum.

A kayan da aka yi bisa tsarin Turai na yau, mai ruwan ƙasa shi ne mai wuta, shuɗi na komawa, mai ratsin kore da ɗorawa na ƙasa. Amma wayar cikin bango a gidaje da yawa na Najeriya tsohon tsarin Ingila take bi: ja mai wuta, baƙi na komawa. Ita Ingilar kanta ta sauya wannan tsakanin 2004 da 2006. A ɓangarenmu mai bin tsarin Faransa kuwa, shuɗi ne na komawa, mai wuta yana iya zama ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi. Ka ga ke nan baƙin silin da ka sani na komawa ne a Katsina, a Maraɗi yana iya zama shi ne mai kisa.

Abin da ke ruɗin mutane, ko an juya su fitila za ta kama. Sai dai in makunni ya faɗa kan silin komawa, ko ka kashe fitila wuta na nan kwance a mazaunin ƙwan, tana jiran mai canja shi. Mafi muni shi ne a jona silin ƙasa da mai wuta: jikin fanka ko firji gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Don haka kar a dogara da launi kaɗai, a sa testa a tabbatar.

KAURI

Kowace waya da nauyin da take ɗauka, kamar yadda ba a aza wa maraƙi kayan takarkari. A duba jikin robar, akan rubuta girman sili. Wanda aka rubuta 0.75 yana ɗaukar kamar amfiya 6, wato wajen wat 1,300 a wutarmu mai bolt 220. Ya ishi fitila, rediyo da fanka. Hita ko butar lantarki mai wat 2,000 kuwa tana jan amfiya 9, sai a nema mata mai 1.5. Siririyar waya ba ta ƙin aiki, zafi take yi a hankali har roba ta narke.

Akwai kuma algus. Wata wayar robarta kauri, silinta bai taka kara ya karya ba. Wata kuma sanholo ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A kankare sili ɗaya da wuƙa: in cikinsa ya fito fari, ba jan ƙarfe ba ne, kuma ya fi saurin zafi da karyewa. Araha ba ta ado.

MAHAƊA

Wayar da ke zuwa haɗe sau da yawa gajeruwa ce, dole a ƙara mata. Abin da muka saba, a murɗa sili biyu a naɗe da leda ko salatif. Irin wannan mahaɗa tana saki, in ta saki ta yi zafi, ta yi tartsatsi. A sayi ɗan abin haɗi mai kusoshin murɗawa, wanda masu gyara na nan ke ce ma domino, a ɗaure tamau a rufe cikin akwatinsa. Kar a bar mahaɗa cikin rufin zana ko bayan labule, kuma kar a rataye nauyin fitila ko fanka a jikin wayar.

SAURA KAI

Kan wayar Najeriya da Gana galibi mai ƙafa uku ne masu kusurwa, na Nijar da Kamaru ƙafafunsa zagaye. In ya ƙi shiga, sai wani ya datse shi ya cusa sili tsirara a soket ya tokare da tsinken ashana. Kan nan mai ƙafa uku akwai fis a cikinsa, mai amfiya 3 zuwa 13, shi ke ƙonewa a madadin waya. Ka datse shi, ka jefar da mai gadi. In dole ne a canja, a sa kai nagari mai wurin silin ƙasa.

Kayan gwanjo na Amurka su ma a kula. Wutarsu bolt 120 ce, baƙin silinsu shi ne mai wuta, fari na komawa. A karanta lambar da ke jiki: in ba a rubuta 220, 230 ko 240 ba, kar a jona.

Daga ƙarshe, kafin a taɓa kowace waya a kashe wuta daga babban makunni na wajen mita. Bayan an jona a bar abin ya yi aiki rabin awa a taɓa robar. In ta yi zafi, ko aka ji ƙaurin roba, a cire. Aikin cikin bango da na mita a bar wa masu shi. Ladan mai gyara bai kai kuɗin igiya da dusar mako guda ba. Kuma a nuna wa uwargida da babban yaro inda babban makunni yake kafin a fita fatauci, a gaya masu wutar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an kashe ta.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya tsare abin da muka bari a gida.