Gujiya da Gyaɗa: Sunayen Abinci a Sakkwatanci da Kananci

Fakku, a ƙasar Kebbe ta kudancin Jihar Sakkwato, tana cikin yankin Sakkwatanci, watau Hausar yamma. Saɓanin wannan kari da Kananci wajen sunayen abinci kashi uku ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Wani na lafazi ne kurum: fura ta zama hura, kifi ya zama kihi. Wannan ba ya rikita kowa. Wani kuwa kalmar ce ta sake ɗungum, kamar guro maimakon kuɓewa, da kudaku maimakon dankali. Baƙo ya kan tambaya, a gaya masa, shi ke nan.

Na uku shi ne mai wuya, domin kalma ɗaya ce, abin nufi biyu. Basakkwace in ya ce gujiya, gyaɗa ya ke nufi, wadda a ke matse manta a yi ƙuliƙuli. Gujiyar Bakano kuwa ita ce mai taurin nan da a ke dafawa, wadda mutanen yamma su ke kira kwaruru. A nan ba mai tambaya, gama kowa yana tsammani ya gane. Turanci ma bai tsira ba: kalmar "corn" asalinta hatsi ce a Ingila, amma a Amurka masara ce.

Da ya ke Daidaitacciyar Hausa Kananci ta bi, malamin makaranta ya kan ga yaron Fakku ya rubuta "man gujiya", ya ɗauka kuskure ne, ya soke. Alhali yaron daidai ya faɗa bisa karinsa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kan sa alama ga kalmomin Sakkwato, lalle can ya kamata malami ya duba kafin ya ɗauki jan alƙalami.