Shata ya tafi, masoyansa suna nan

Ranar kasuwar Tanut, in ka ratsa wajen masu shayi ko tashar mota, da wuya ka fita ba ka ji kalangu yana tashi daga wata salula ba. Tsaya ka saurara. Sau da yawa Shata ne. Mutumin nan ya rasu tun 1999, amma har yau direba yana sa shi a hanyar Damagaram, tela ma yana sa shi yana taka keke. Yaran da ba su taɓa ganinsa ba sun san muryarsa.

To wane ne shi? Sunansa Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Waƙa ba gadon gidansu ba ce, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Da fari tallan goro da alewa yake yi, yana waƙa a dandali don nishaɗi. Daga baya waƙar ta zama sana'a, ya zauna Funtuwa, yana yawo da makaɗan kalangu da ƴan amshi.

Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai, da manoma, da direbobi. Da mutanen Amurka suka sauka kan wata a 1969, sai da ya yi wa kumbon nan Apolo 11 waƙa. Babbar waƙarsa ita ce Bakandamiya, inda yake yi wa kansa kirari. Kuma ba rubutawa yake yi ba. Nan take yake ƙirƙira, gaban jama'a.

Mu nan Damargu, rediyo ne ya fara kawo mana shi, musamman Rediyo Kaduna. Sai kuma ƴan cin rani. In suka dawo daga Kano gabanin damina, cikin jaka akwai atamfa, akwai sabulu, akwai kaset ɗin Shata. Da dare a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a sa batir sabo, kowa ya yi tsit. Dattijo ya ji wani habaici ya yi dariya shi kaɗai. Abin da ya sa ake son shi ke nan: Hausarsa a fili take, ba ya tauna magana, amma kowane baiti da abin da ke ƙarƙashinsa.

Masoyansa ba su bari sunansa ya faɗi ba. Tun yana da rai, a 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa kuke jin ana cewa Dokta Shata. Da ya rasu a asibiti a Kano, cikin watan Yuni 1999, Daura aka kai shi aka rufe, nan kusa da iyakarmu. Wasu marubuta huɗu, Ibrahim Sheme na gabansu, suka bi dangi da makaɗa da abokai suna tambaya suna rubutawa. A 2006 suka fitar da babban littafin tarihinsa, mai suna Shata Ikon Allah. A nan Nijar ma an yi irin wannan hikima: a 1987 aka buɗe gasar waƙa a Tawa da sunan Ɗan Gurmu, don kada a manta da shi.

Amma fa akwai abin da ke damuna, kuma shi ya sa na rubuta wannan.

Kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura. Mu kuwa Damargu ba abin da muka fi su. Ni kaina na bar guda uku kan tagar ɗaki wata bazara. Da na sa su, muryar ta ja kamar mai jin barci, zaren ya naɗe cikin rediyo ya tsinke. Wallahi na ji zafin abin. Wanda ke da sauran kaset, ya sa su cikin akwati mai murfi, a inuwa, nesa da lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana goge murya. In da hali, ya kai wa masu tura waƙa a kasuwa ko wani mai na'ura a mai da su cikin katin salula.

Sai dai katin ma da nasa aibu. Za ka ga waƙa ɗari a ciki, ba suna, sai lamba. Wani lokaci an yanke farkon waƙar, wani lokaci an sa sunan Shata kan waƙar wani. Yaro yana ji, yana kaɗa kai, amma bai san wa aka yi wa ba, bai san dalili ba. Muryar ta tsira, labarin ya ɓace. Wanda ya san labarin shi ne tsohon nan da ya ji ta tana sabuwa, kuma tsofaffin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne karatunku zai yi aiki, ƴan uwa. Ba sai ka zama marubucin littafi ba. Samu littafin rubutu na dala ashirin ko talatin da biro. Zauna wajen baba ko kawu, sa masa waƙar, ka tambaye shi: yaya sunanta? Wa aka yi wa? Ina ka fara jin ta? Rubuta abin da ya ce, ka sa kwanan wata a ƙasa. In ya ce bai tabbata ba, rubuta haka nan, kada ka ƙara gishiri.

Kuma ba Shata kaɗai ba. Ga Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram, wanda iyayenmu suka sani sarai. Ga makaɗan garuruwanmu na Tanut da Belbeji, masu kiɗan noma da na biki, waɗanda ko kaset ba a taɓa yi musu ba. Su kam in ba mu rubuta sunayensu ba, ba wata jami'a da za ta zo nema.

A ajinmu mun fara. Kowa ya zo da waƙa ɗaya da labarinta ranar Alhamis, ya karanta gaban ƴan uwa, in akwai kuskure a gyara masa a allo.